Ɗaliba Ta Goma Sha Bakwai

Malama Astajam ta zo da takarda da 'yar rikoda
ranar Talata, bayan an ɗauke wuta a ɗakin gwaji.
Ta ce bincike take yi kan yadda muke koyo,
mu da ake so mu zama injiniyoyin gini a Marwa.
Tambaya ta tara:
"Kina gane darasi? Zaɓi daga ɗaya zuwa biyar."

Na riƙe biro har tafina ya yi gumi.

Ina zan sa, tsakanin ɗaya da biyar,
cewa darasi da Faransanci yake shigo mini,
ya kwana a kaina da Hausa,
da safe Yawuba ya warware shi da Fulatanci
a gindin dalbejiya, da tsinke, a ƙasa?
Mashin uku nake hawa
kafin lissafi ɗaya ya iso gida.

Ina zan sa babana?
Shekara talatin yana ɗora bulo a Domayo,
bai san sunan harafi ko ɗaya na allonmu ba,
amma sai ya damƙi yashin Mayo Kaliyaw,
ya buɗe hannu, ya ce: wannan da laka, zai ci amana.
Ni sai na tankaɗe, na auna, na cika shafi biyu
kafin in iso inda yake tsaye yana jirana.

Na zagaye uku. Uku ba ta faɗa da kowa.

Sai ta ture takardar, ta danna rikoda.
"Bar lambobin. Faɗa mini ranar da kika gane wani abu."

Na ce: ranar da kankarena ya fashe.
Kwana ashirin da takwas ina ba shi ruwa kamar mai jinya.
Tun yana ɗanye na rubuta sunana a gefensa da ƙusa.
Muka sa shi a bakin injin matsa.
Allura ba ta kai rabin inda littafi ya yi alkawari ba,
sai ƙas!
Wanso ya yi dariya, ya kama bakinsa.
Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.
Malam Hamajoda bai ce uffan ba. Ya tsuguna,
ga tsufa ga ciwon gwiwa,
ya tsinci ɓarin ya sa mini a hannu:
"Karanta."
Ramuka ƙanana birjik, kamar gara ta bi ta ciki.
Ruwa na yawaita, don kwaɓin ya yi mini sauƙin juyawa.
Wata uku yana faɗar haka a gaban allo.
A hannuna minti ɗaya ya isa.

A nan batirin rikoda ya mutu.
Ta ci gaba da biro a bayan takardar tambayoyin,
inda babu akwati, babu layi.

Damina ta zo ta wuce, mayo ya cika ya janye.
Jiya aka liƙa sakamakon a ƙofar laburare.
Mu ɗari da shida, an mai da mu ɗigo-ɗigo
kamar geron da aka watsa wa kaji.
Na nemi kaina, ban gani ba.
Sai can a shafi na huɗu, da ƙananan haruffa:
"Ɗaliba ta 17 ta ce ta gane ranar da abin ya fashe."
An cire sunana, wai don sirri.
An cire babana, ban san don me ba.

Yau da na bi ta ɗakin gwaji
na ga 'yan aji ɗaya, makonsu biyu kacal,
an ba kowa guduma da gutsuren kankare,
allo kuwa fes, ko ɗigon alli babu.
Wata mai ɗankwali ruwan ƙasa tana juya ɓari a hannu,
ta ɗaga shi saitin taga tana leƙen ramukan.

Ban tsaya ba.
Ina da jarrabawar ƙarfen rodi ƙarfe goma,
kuma a wannan, in za a tambaye ni,
har yanzu uku ce.